Farin Ƙarfen Inna

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a Jibiya ya san abin da wannan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba, ba ta taɓa miƙo mini ko da ludayi hannu da hannu ba. In tana so in ci abinci, sai ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta ce wa iska, "Tuwo dai yana hucewa." In na yi ɓarna ba ni take yi wa faɗa ba, wajen aminiyarta take juyawa ta ce, "Ki gaya wa wancan yaron ya shiga hankalinsa." Ƙannena suna hawa cinyarta suna jan ɗankwalinta, ni kuwa har na yi gemu ina nan a wancan yaron. Ina ƙarami abin yana ci mini rai ƙwarai. Da na girma na lura kwanona ne kullum ya fi nama, sai na rage ƙorafi.

Aminiyar tata Iya muke ce mata. Mutuniyar ƙetare ce, ƙauyensu yana bayan shingen duwan kaɗan, wato kwastan ɗin ɓangaren Nijar. Kowace safiya takan tsallako da tiren cuku da dabino a ka, ta zauna gefen Inna a tashar Magama, inda Inna ke dama fura. 'Yan kwastan na nan da jandarmomin can duk sun san ta, babu mai tambayarta takarda, don wanda ya tambaya sai ya ji tarihin kakansa. Tun suna 'yan mata kwano ɗaya suke ci, randa ɗaya suke sha. Da aka haife ni Inna ta kawar da kai kamar yadda aka saba, Iya ce ta ɗauke ni. Ita ta yi mini wanka, ita ta goya ni, ita ta zane ni ran da na bi 'yan fasa-ƙwaurin fetur har cikin daji. Duk maganar da ta taɓa shiga tsakanina da Inna ta bakin Iya ta bi, kuma Iya ba ta isar da saƙo ba tare da ta ƙara masa gishiri ba.

Na yi boko, na ƙare a Zariya, ma'aikaci a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Aikina auna ƙarfe ne, amma ba irin na 'yan gwangwan ba. Ƙarfen da ido ba ya gani nake nema, kamar dalma a ruwan rijiya ko a cikin kifi. Muna da wata tsohuwar na'ura da aka ba mu kyauta daga waje, wadda ni kaɗai na iya lallashinta. A cikinta akwai ɗan bututun gawayi, bai fi guntun kara ba. Sai ka ɗiga ɗigo ɗaya na abin da kake son gwadawa a ciki, na'urar ta busar da shi, ta ƙona shi, sannan ta zuba masa wani irin zafi na ƙiftawar ido har ya zama hayaƙi. Wata fitila tana haska hayaƙin. Kowane ƙarfe da tasa fitilar, kuma in ƙarfen yana nan sai ya shanye wani abu daga hasken. Gwargwadon abin da ya shanye, gwargwadon tsallen da wani alƙalami zai yi a kan takarda mai tafiya. In babu ƙarfen, alƙalamin ya wuce a miƙe abinsa. Na taɓa yi wa Iya wannan bayani, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, kai dai ƙona ruwa ake biyanka."

Ciwon Inna ya bayyana a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a. Gari ya canza a lokacin. An rufe gidajen giya na bakin iyaka, masu su sun kwashe sun koma ƙetare, samari 'yan sa-kai sun kafa shinge a hanya suna bincikar motoci kada a shigo da kwalabe. Na zo hutun Sallah, Iya ta ja ni bayan rumfa ta yi ta kewaye-kewaye, ita da ba ta san kewaye ba. Daga ƙarshe ta ce abin da mata ke gani ya dawo wa Inna bayan ya ɗauke da shekaru, kuma ta daɗe tana ɓoyewa. Na ce me ya sa ba a gaya mini tun da wuri ba? Iya ta ce, "Wa za shi gaya maka? Ita?"

Muka kai ta babban asibiti a Zariya. Sankara ce ta bakin mahaifa. Likitan wani dattijo ne mutumin Filato, Kirista, mai sanyin murya, Hausa a bakinsa kamar a Katsina aka yanke masa cibiya. Ya ga yadda muka zauna, Inna ta ba ni baya, ni ina kallon rufin ɗaki, Iya a tsakiya. Bai tambayi komai ba, sai kawai ya riƙa yi wa Iya magana. Ya ce akwai magani da ake sawa a ƙarin ruwa, a huta 'yan makonni, a sake. Da aka rataya ledar, abin ciki fari tas kamar ruwan randa. Na gaya wa Iya akwai wani farin ƙarfe a cikinsa, filatinam, wanda ya fi zinariya tsada, shi ne ke shiga ya ɗaure ƙwayoyin ciwon ya hana su yaɗuwa.

Iya ta dubi ledar, ta dubi Inna. "Ke da ko ɗan kunnen zinariya ba ki taɓa sawa ba, yau ga shi ana ɗura miki abin da ya hi ta a jijiya. Bari mu koma gida in kai ƙararki, a zo a hidda miki zakka."

Likita ya yi murmushi. Inna tana fama da tashin zuciya, amma sai da ta yi dariya, ta rufe baki da gefen mayafi saboda ina wurin.

Magani ya karɓe ta. Kafin zagaye na uku jinin ya tsaya, ta fara cin tuwo, har tana tambayar wa ke riƙe mata wurinta a tasha. Ranar da aka gama na ukun ne likita ya kira ni gefe. Ya ce ƙarfen nan ta ƙoda yake fita, kuma yana cin ƙodar a hanyarsa. Gwajin da suka saba yi ya nuna ta Inna ta fara gajiya. In tana fitar da shi, ko da a hankali ne, za a rage maganin a ci gaba. In kuwa tara shi take yi, zagaye na gaba zai iya kashe ƙodar gaba ɗaya, dole a tsaya, kuma in an tsaya ciwon zai dawo.

"An ce kai ne mai na'urar auna ƙarfe," in ji shi. "Kana da fitilar filatinam?"

Ina da ita. Tana cikin kwalinta tun ran da aka kawo na'urar, ba a taɓa kunna ta ba.

Aka ɗebi jininta a ranar. Saura fitsari, na yini da kwana, a tara shi duka a galan guda. Inna kuwa ba ta yarda ta ƙara ko wuni a gadon asibiti fiye da dole, don haka a gida za a tara. Na sayi sabon galan, na wanke shi da asid, na ɗauraye da tataccen ruwa don kada ko ƙurar wani ƙarfe ta saura, na raka su Jibiya. A tsakar gida na tsaya na yi wa Iya bayani da ƙarfi, yadda wadda ke bayan labule za ta ji. Daga safiya zuwa safiya, kada a zubar da ko kaɗan, kada ruwan tsarki ya shiga, a ajiye galan cikin bokitin ƙanƙara. Ƙanƙarar ma na riga na yi magana da matar wani ɗan kwastan maƙwabcinmu mai firiza.

Iya ta ce, "Can Zariya wa za shi buɗe bidon ɗin?" Bido take ce wa galan, irin na mutanen can.

Na ce ni mana, wa kuma? Labule bai motsa ba. Na ɗauka shirun amincewa ce, na tafi Bugaje gaida dangi don in ba su wuri.

Da na dawo Iya ta miƙo mini galan cike, a cikin bokiti, an rufe da buhu. Fuskarta wasai. Ta ce, "Ga shi nan, ko ɗigo ba a zubar ba."

Ba mu yi nisa da Magama ba 'yan sa-kai suka tare motar. Ka duba lamarin da idonsu. Mutum ya taso daga bakin iyaka, rungume da galan a cikin ƙanƙara, abin ciki ruwan ɗorawa har da kumfa. Wani saurayi mai sabon gemu ya ce in buɗe. Na ce ba zan buɗe ba. Ya ce giya ce ke nan. Ni kuwa zuciyata ba ta da nisa, wajen Iya na gado ta ko da ba ita ta haife ni ba. Na ce ya je gidansu ya nemi mai giya. Mota ta kaure, fasinjoji suna ba ni haƙuri, direba yana tsine wa sa'ar da ya ɗauke ni. Ba don komai na ƙi ba, sai don ba zan buɗe abin da ya fito daga jikin Inna a gaban maza a bakin titi ba, ko da gaban alƙali za a kai ni. Babbansu, wani malami mai furfura, ya ja ni gefe. Na raɗa masa cewa na mahaifiyata ne, asibiti za a kai. Ya yi saurin kawar da kai kamar shi aka kunyata, ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya ce wa yaran su buɗe hanya. Har Zariya ina jin kaina wani jarumi.

A wurin aiki na fara da abin da aka saba. Na ɗiga tataccen ruwa, alƙalami ya wuce a miƙe. Na ɗiga ruwan da na san yawan filatinam ɗin da ke cikinsa, mai kaɗan, da matsakaici, da mai yawa, alƙalami ya yi tsalle, kowanne ya fi na baya. Na'ura lafiyarta lau. Na ɗauko jinin Inna, na juya shi a injin har jan ya kwanta ƙasa, ruwan ya taso sama. Na ɗiga ruwan, alƙalami ya tashi sosai. Magani ya shiga jikinta, babu shakka. Sannan na auna yawan abin da ke galan, na ɗebi kaɗan, na dafa shi da asid har ya washe, na ɗiga. Alƙalami ya wuce a miƙe kamar ruwa na sa.

Na ce kuskurena ne. Na canza bututun gawayi, na sake. Na girgiza galan na ɗebo daga ƙasa, na sake. Na zuba filatinam kaɗan da hannuna a wani kaso, don in ga ko wani abu a fitsarin ke ɓoye shi, alƙalami ya yi tsalle daidai abin da na zuba, ba ƙari. Wuta ta ɗauke, na je na yi rigima da mai janareto, na dawo na sake. Babu. Jini cike da ƙarfe, fitsari ko ƙurarsa babu.

Likita ya daɗe yana kallon takardun biyu. Ya ce shi bai taɓa ganin haka ba, abin bai yi masa kama da gaskiya ba, amma ba zai ƙara mata ƙarfe ba alhali bai ga ta inda na baya ya fita ba. Ya dakatar da zagaye na huɗu. Na fito na zauna gindin wata dalbejiya a harabar asibitin, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina goye. Ni da hannuna na auna, ni da ƙafata na kawo takardar da ta hana ta magani.

Na isa Jibiya da la'asar. Na tarar da su a tsakar gida, Inna tana ganina ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Na zauna kan turmi na gaya wa Iya komai, ban rage ba. Ƙarfen bai fito ba, likita ya tsayar da magani, ciwon zai dawo.

Iya tana tsinkar zogale a faifai. Hannunta ya tsaya.

"Ƙarhen ne ba ka gani ba?"

Na ce ko alamarsa.

"In da an gan shi hwa?"

Na ce da an ci gaba da magani.

Ta ajiye faifan a hankali. Ta dubi labule, ta dube ni. Can ta ce, da wata 'yar murya da ban san tana da ita ba, "Ni na cika shi."

Na ce ta cika me?

"Bidon. Ni na cika shi, ba ita ba. Ita ta ce gara ta mutu da a ce ɗanta na hwari shi buɗe wanga abu shi duba. Ni kuwa na ce mata mi ne ne abin damuwa? Kwano ɗaya muke ci, randa ɗaya muke sha, shekarunmu ɗaya. Abin da ke jikinki shi ke jikina. Yini da kwana na yi ina ɗirkar ruwa kamar raƙumi don in cika maka shi."

Wallahi na tashi tsaye ban san na tashi ba. Na ce Iya, ke aka ɗura wa maganin? Ke ce mai ciwon? Ashe a kan naki na kusa kwana a hannun 'yan sa-kai, a kan naki na zagi ɗan mutane, na ƙona bututu a banza, na zauna gindin bishiya ina kuka kamar maraya? Iya tana hawaye tana gyaɗa kai, amma ko a haka sai da ta ce, "To ai ka ga ni lahiyata lau, ba ni da ƙarhe."

Daga bayan labule murya ta fito, ba ƙarfi. "Ki gaya wa wancan yaron ya rage murya, maƙwabta na ji."

Na juya wajen labulen. Tun da nake ban taɓa yi wa Inna magana kai tsaye ba in ban da gaisuwa, ita ma kaina a ƙasa. Na ce, "Inna, da ke nake." Iya ta kama baki. Na ce, "Ke kika wanke nawa ina jariri, don me ni ba zan…"

"Ni na wanke," in ji Iya, tana share hanci. "Ba ita ba."

Gaskiya ne kuwa. Hujjata ta rushe tun ban gama gina ta ba, na tsaya kamar sakarai a tsakar gida. Sai kawai na faɗi abin da ke raina. Na ce, "Inna, duk Zariya ni kaɗai na iya na'urar nan, da akwai wani da na ba shi. Ɗigo ɗaya nake ɗauka in ƙona, ba abin da ke saura sai layi a takarda. Ban taɓa roƙonki komai ba, don ban san ta inda ake roƙonki ba. Ina so ki rayu. Ni ban gaji da jin ana ce mini wancan yaron ba."

Na jira har aka kira magariba, labule bai motsa ba. Washegari na sayo sabon galan a kasuwa, na ɗauraye shi da tataccen ruwan da masu cajin batir ke sayarwa, na ajiye a bakin ƙofarta, daidai inda take ajiye mini tuwo. Kwanaki sun shige, amma ƙarfen nan a hankali yake fita, yakan yi makonni yana bin fitsari, in ƙodar na aiki zan gan shi. Na ce wa Iya jibi da safe zan hau mota, da galan ko ba galan. Na ce kuma ta koma ƙauyensu ta kwana can, ban yarda da ita kusa da galan ɗin nan ba. Ta ce ba a haifi wanda zai kore ta daga gidan nan ba, amma ta rantse ba za ta kusance shi ba.

Gidan kawuna na koma, ban leƙo ba. Aka kawo mini abinci na kasa ci. Na san Inna. Matar da ta ɓoye jini wata da watanni don kada maganar ta iso kunnena, ba kukana ne zai juya ta ba. Na riƙa shirya abin da zan gaya wa likita in na koma hannu wayam.

Ran tafiya na je tasha da sassafe. Motar Katsina tana lodi, 'yan kamasho suna ihu, manyan motocin ƙetare sun yi layi a bakin shinge, masu canjin sefa sun fara shimfiɗa tabarmi. Ina ta duban hanyar gidanmu ko zan hango tiren Iya. Mota ta cika, saura ni. Direba ya ce malam, ko ka shiga ko in sa wani.

Sai na hango su. Iya a baya, hannunta ba komai. Inna a gaba, ta rame, mayafi ya yi mata yawa, tana tafiya tana hutawa, rungume da wani abu a ƙirji. Ta naɗe galan ɗin da zanenta na atamfa mai ruwan ganye, wanda ba ta ɗaurawa sai Sallah ko biki. Matan tasha suna ta yi mata barka da fitowa, ba ta tsaya ba. Na ɗauka za ta ajiye a ƙasa ta koma gefe, ko ta ba Iya ta ba ni. Ta zo har gabana. Fuskarta tana kallon shingen kwastan, amma hannuwanta ni suka miƙo wa.

"Kai," ta ce. "Karɓi."

Na karɓa da hannu biyu. Yatsunta suka taɓa nawa, sanyi ƙalau, da alama yanzu ta ciro shi daga ƙanƙara. Ta juya ta kama hanyar gida. Iya ta tsaya ta harare ni, idonta jajir, ta ce, "Ka ga abin da ka sa ta yi. In ka zubar da shi a hanya kada ka dawo garin nan."

A shingen 'yan sa-kai saurayin nan mai sabon gemu ya leƙo, ya gan ni, ya ga ƙunshin a cinyata. Ya ce, "Yaya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ban gaya masa a kan na wa muka yi faɗa wancan karon ba.

Na isa wurin aiki na kunna na'ura. Tataccen ruwa, alƙalami a miƙe. Ruwan da na sani, tsalle daidai. Na kwance zanen na ninke shi na ɗora kan kujera, na auna, na dafa, na ɗiga. Na'ura ta busar, ta ƙona, ta zuba zafin. Alƙalami ya yi tsalle. Ba dogo ba ne can, amma tsalle ne da ba mai musunsa. Na sake, ya sake. Na yi lissafi da yawan abin da ke galan, na ruga asibiti da takardar ko rigar aiki ban cire ba.

Likita ya duba, ya ce ƙodar tana aiki, a hankali amma tana yi. Da na ba shi labarin galan na farko ya cire tabarau ya yi dariya har da hawaye. Ya ce a gaida masa Iya, a gaya mata an bincika, ita ba ta da abin fitar wa zakka. Aka rage maganin, aka ƙara wa Inna ruwa kafin a sa da bayan an sa, ta gama zagayenta duka.

Ta koma tasha ta ci gaba da dama fura. Ta ga auren autarmu. Ta ga 'yata ta fari, ta karɓe ta ta goya, ta yi ta kiran sunanta har ya gundure mu. Ni kuwa na koma wancan yaron. Ba ta sake ce mini kai ba, ba ta sake miƙo mini komai ba. Galan na gaba ma Iya ce ke kawowa, sai dai yanzu na gaskiya ne, kuma kowane karo sai ta rantse mini tun ban tambaya ba. Bayan wasu damuna ciwon ya dawo, wannan karon bai saurari magani ba. Na sani daga aikina cewa ƙarfen nan ba ya fita duka, wani kaso yakan manne a jiki shekara da shekaru. Da shi aka binne ta.

Zanen kuwa, tun a wancan lokacin na wanke shi na goge, na kai gida na ba Iya ta mayar mata. Iya ta shiga ɗaki, na ji suna ƙus-ƙus, ta fito da shi a hannu ta ɗora mini a cinya.

"Ta ce in gaya wa wancan yaron, ita ba aro ta ba shi ba."

Ban sani ba ko a wannan ma Iya ta ƙara gishiri, ban kuma tambaya ba. Yana nan a ƙasan akwatina, ban taɓa bari an ɗaura shi ba.